Rol-on ne ya jawo wa Yayata ciwon daji? Masu sani ku taimake ni

Mai Humra ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa nan ina karatu, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau ma tura ce ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A wani ƙauye nake a ƙasar Gaya. Ina 'yar sana'a a cikin gida: humra, turaren wuta, hoda, man shafawa da rol-on. Ƙanen maigidana ne yake saro min kaya in ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a, wani lokacin kuma in an samu mai shiga Kano a taho min da su daga Sabon Gari. A cikin kayan nan babu mai tafiya kamar rol-on, musamman da bazara, lokacin da za ki yi wanka da hantsi amma kafin azahar rigarki ta jiƙe ta hammata kamar an watsa miki ruwa. Amare da 'yan matan Islamiyya su ne masu cinikina.

Yau sati uku ke nan aka turo wata murya a gurup ɗinmu na matan gari a WhatsApp. Wata mata ce, ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi garinsu ba, ta dai ce wata likita ce ta gaya mata. Wai rol-on yana toshe ƙofofin gumi, dattin da ya kamata ya fita sai ya rasa hanya, ya koma ya taru a mama, shi ne yake zama daji. Wai kuma in mace ta yi aski da reza ta shafa, kai tsaye gubar take shiga jini. Ta ƙarasa da haɗa mu da Allah kowa ta tura wa mata goma.

Washegari ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga 'yar maƙwabciyata da baƙar leda. Rol-on uku ne, wai innarta ta ce a mayar mata da kuɗinta. Ɗaya ma an buɗe an shafa, har da ɗan gashi manne a jikin ƙwallon. Ban ce uffan ba, na kwance bakin zani na ƙirga mata. Daga ranar ban ƙara sayar da ko ɗaya ba, guda 14 suna nan cikin kwalla a ƙarƙashin gado.

Ba asarar ce ta hana ni barci ba. Bara bayan Babbar Sallah muka rasa Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da shekara 41, kuma ciwon dajin mama ne ajalinta. Ni nake ba ta rol-on, kyauta, duk bayan wata biyu, saboda ita mai yawan gumi ce, har kunyar shiga taron biki take ji. A maman hagu abin ya fito mata, can sama ta gefen hammata, daidai inda matar nan ta kwatanta. Tun da na saurari muryar nan, in na rufe ido sai in gan ni ina miƙa mata ledar tana sa min albarka.

Ga ni kuma. Kwana goma ke nan wani ɗan abu ya fito min a hammatar dama, kamar ƙwayar gurjiya, in na taɓa da zafi, ko bokiti na ɗaga ina jin sa. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidan.

Don Allah masu sani, da hannuna na ba Yaya abin da ya kashe ta? Ni ma shi ne ya fara? Kayan da suka rage kuma in zuba su a masai ko yaya zan yi?

Iyan Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Yayarki, ya sa jinyar ta zama kaffara. Ki daina cewa ke kika kashe ta, wannan magana ba kyau, kowa da kwanansa.

Amma in za ki ji tawa, ki rabu da kayan kantin nan. Mu da muka taso a ƙasar Ringim me muka sani? Ki samu alif, wanda ake jefa wa ruwan kogi ya kwanta, wasu suna ce masa alimun, ki ɗan jiƙa shi ki goga bayan wanka. Ko ki raba lemon tsami biyu ki murza. Shekarata 58 ban taɓa sayen abin nan mai ƙwallo ba, kuma ba wanda ya taɓa toshe hanci a kusa da ni. A zamanin iyayenmu ina ake jin wannan ciwo? Sai da kayan Bature suka cika gari. Na hammatarki kuwa kaluluwa ce, ki gasa da tsumma da ruwan ɗumi za ta sace.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Malama, Allah ya gafarta wa Yaya. Ni ba likita ba ne, kimiyyar sinadarai nake koyarwa a wata sakandare a ƙasar Gumel, don haka zancen kumburin na bar wa ma'aikatan lafiya. A kan abin da ke cikin kwalbar zan yi magana.

Jawo kwallar nan ki ɗauko ɗaya ki juya bayansa. Iri biyu ne. Wanda aka rubuta wa deodorant kawai, aikinsa rage ƙwayoyin cutar da ke kawo wari da rufe shi da ƙamshi, domin gumi shi kansa ba ya wari, ƙwayoyin da ke zaune a fata ne suke cin maiƙon da ke fitowa tare da shi su saki tsami. Wanda kuma aka rubuta wa antiperspirant, in kin bi ƙananan rubutun za ki ga kalmar aluminium. Gishirin alminiyam ne, dangin ƙarfen da ake zuba tukwanenmu da shi. In ya haɗu da gumi sai ya yi kauri kamar koko, ya liƙe bakin ƙofar gumin can sama-sama na ɗan lokaci. Wanka da saɓar fata suna tafiya da shi, shi ya sa ake sake shafawa. To a nan mai muryar ta faɗi gaskiya, yana toshewa. Daga nan ne ta saki hanya.

Gumi ba shara ba ne. Kusan dukkansa ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya jiki, yadda randa take tsatsafo ta sanyaya ruwan cikinta. Masu tace datti daga jini su ne ƙoda da hanta, ta fitsari da bayan gida yake fita. Kuma babu wata magudana da ta taso daga ƙofar gumi ta nufi mama.

Nawa ne ma yake ratsa fata? A 2001 an auna wannan a Amurka, aka samu kashi 0.012 cikin ɗari na abin da aka shafa. Kamar ki ɗauki ƙwayar gero ɗaya cikin dubu takwas. Mutum biyu kawai aka gwada a lokacin, wannan gaskiya ne, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ma kaɗan ƙwarai suka samu. Alminiyam ɗin da muke haɗiya a abinci ya fi wannan, balle mai shan farin maganin olsa na ruwa, da yawansu da shi ake haɗa su.

Iya, ki gafarce ni, wallahi ba raini ba ne. Alif ɗin nan da kika ce a koma masa, a littafinmu gishirin fotashiyam da alminiyam ne. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ke kin yi shekara arba'in kina goga alminiyam a hammata, ga ki nan lafiya ƙalau kina ba mu shawara, Allah ya ƙara lafiya. Lemon tsami kuma a kan sabon aski ƙona fata yake yi ya bar baƙi.

Abin da aka taɓa kamawa da gaske a na fesawa ne. A ƙarshen 2021 wani ɗakin gwaji a Amurka ya gano wani sinadari mai suna benzin a cikin wasu gwangwanayen fesawa, har kamfanoni suka janye kayansu daga kasuwa. Benzin kam an tabbatar yana jawo sankarar jini. Sai dai ba ya cikin abin da aka yi niyyar sakawa, gurɓata ce da aka danganta da iskar da ke turo turaren waje, kuma ba ta shafi mai ƙwallo ba. Ni a matsayinki na mai sayarwa, abin da zan duba shi ne lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ba shi da su, ba ki san wa ya dama shi ba.

Nas a Karkara ta amsa:

'Yar uwa, bari in fara da hammatarki, ita ce ta gaggawa, rol-on ɗin ba inda za shi.

Abu mai zafi da ya fito cikin 'yan kwanaki a hammata, yawanci kaluluwa ce ko maruru, sau da yawa daga ɗan yankan reza ko gashin da ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Wanda ya fi tayar mana da hankali a asibiti shi ne ƙullutu mai tauri wanda ba ya ciwo, ba ya motsi in an taɓa, ko fatar mama ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini. Amma ba a gane ciwo ta waya, kuma zafi ba takardar shaida ba ce cewa babu komai. Kwana goma ya isa. Ki gaya wa maigida yau, ki je babban asibiti cikin satin nan, kuma da kin zauna gaban likita kalmarki ta farko ta zama: Yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta rasu da sankarar mama tana da shekara 41. Matar da mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta jini ta yi wannan ciwo, haɗarinta ya kai kusan ninki biyu na sauran mata. Wannan shi ne abin da ya shafe ki, ba kwallar ƙarƙashin gado ba.

Ita muryar nan tsohon zance ne aka sa masa sabon zani. Tun wajen 1999 yake yawo a Amurka ta imel, har da maganar reza da ta tarin datti, kusan kalma da kalma. Saboda yadda ya tsorata mata, masu bincike a cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil suka bi diddigi, suka fitar da sakamako a 2002. Mata 813 masu sankarar mama, da 793 marasa ita, aka tambayi kowacce abin da take shafawa, da ko tana shafawa jim kaɗan bayan aski. Ba a ga bambanci ba. A 2004 kuma wata mai bincike a Jami'ar Redin ta Ingila, Philippa Darbre, ta samu faraben, wani sinadari da ake sa wa kayan shafa don kada su lalace, a cikin tsokar ciwon da aka ciro daga mata 20. Jaridu suka ɗauka da zafi. Amma aikin bai nuna daga ina faraben ɗin ya zo ba, bai nuna shi ya kawo ciwon ba, bai ma gwada da maman masu lafiya ba. Yawancin rol-on na manyan kamfanoni ma babu faraben a ciki yanzu.

Wurin da na Yaya ya fito na san shi ya fi ci miki rai. A nan ya fi fitowa ga yawancin mata, mai shafawa da wadda ba ta taɓa ganin rol-on ba, saboda a ɓangaren sama ta gefen hammata ne naman mama ya fi yawa, har yana da 'yar jela da ta miƙa cikin hammatar. Inda shuka ta fi yawa nan tsuntsu ya fi sauka. Na yi jinyar tsofaffi daga rugage da ciwon a daidai wannan wuri, waɗanda sabulun salo kaɗai suka sani. Ki sauke wannan kaya daga kanki, ba ke ba ce.

Iya, da girmamawa, ciwon yana nan tun zamanin kakanni. Ai ba Bature ne ya raɗa masa suna daji ba. Da yawa dai an binne su a kan sammu ne ko jifa. Yau shi ne kan gaba a cikin sankarar da ke kama matan Najeriya, ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya haura mata 30,000 a shekara, kuma mafi yawa sai ciwon ya ci ƙarfinsu suke isowa asibiti. Wannan jinkirin ne yake cinye mana mata.

Gargaɗi biyu na sani a kan mai hana gumi. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ya tambayi likita kafin ya shafa, don ƙoda ce take fitar da ɗan abin da ya shiga. Sannan ranar da za a yi miki hoton mama na mamogiram kada ki shafa komai a hammata, ko hoda, saboda burbushinsa yana fitowa a hoton kamar ɗigon ciwo ya ruɗa mai dubawa.

In ba za ki damu ba, wata nawa Yaya ta yi da abin kafin ta ga likita?

Ɗan Fadama ya amsa:

Allah ya jiƙan musulmi. Malam da Nas kun yi bayani, amma ni fa ban gamsu ɗari bisa ɗari ba. Duk binciken da kuka lissafa na ƙasashen masu sayar da kayan ne. Taba sigari ma shekara nawa kamfanoni suka yi suna cewa ba ta da illa? Ni manomin rani ne a Haɗejia, maganin feshi nawa aka sayar mana aka ce lafiya lau, daga baya aka zo aka hana? Ni dai na ce wa iyalina su ajiye. Ba abinci ba ne, in an bari ba a mutuwa.

Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Ɗan Fadama, tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan ɓoye maka abin da ke gefenka ba. A 2017 wasu masu bincike a Insburuk ta ƙasar Ostiriya sun gwada mata 209 masu ciwon da 209 marasa shi, suka ce sun ga ƙarin haɗari ga waɗanda suka ce suna shafawa sau da yawa a rana tun ba su kai shekara 30 ba. Raunin aikin shi ne ya dogara da tuna baya. Matar da ciwo ya kama takan kwana tana lissafin me ta yi, kamar yadda Malama take yi yanzu, sai ta fi mai lafiya tuna yawan shafawarta. Bayan wannan, a 2020, kwamitin masana na Tarayyar Turai mai duba kayan shafa ya auna abin da ake da shi, ya ce alminiyam a gwargwadon da ake sakawa ba abin tsoro ba ne.

Bambancinsa da taba shi ne ita ba ta ɓuya. Tun 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka gan ta ƙarara, mashayi yana ninka wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30 wajen kamuwa da sankarar huhu. Kamfanoni musu suka yi, ba su iya shafe alƙaluman ba. Shi rol-on kuwa an haura shekara 20 ana nema, ba a samu abin kamawa ba.

Iyalinka su ajiye, ba laifi, ruwa da sabulu da sauya riga sun wadatar. Abin da nake tsoro shi ne mace ta ajiye rol-on ta ɗauka ta yi rigakafi, ta daina duba jikinta.

Mai Humra ta dawo:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kwana takwas ban leƙo ba, ga abin da ya faru.

Anti Nas, tambayarki ta sa ni kuka. Wata 11 ta yi. Ni ma ban sani ba sai ranar da na je gidanta na tarar tana wanki da hannu ɗaya. Na karɓa ina tayawa, sai na ɗago wata rigarta na ga gefen ƙirjin ya yi tauri da wani baƙin abu mai warin kanwa da saiwa. Na bi ta ɗaki na matsa mata, ta kwance zanin da ta ɗaure ƙirjinta da shi. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Ashe wani mai magani yake ba ta haɗi tana liƙawa, ya ce mata in ƙarfe ya taɓa wurin ta mutu, kuma in ta je asibiti yanke maman za a yi. Har akuyarta biyu ta sayar a kansa. Lokacin da muka kai ta Asibitin Malam Aminu Kano likitan ya daɗe yana kallon takardar hoton kafin ya yi magana. Duk wannan na san shi, amma tun da muryar nan ta shigo wayata na manta da wata 11 ɗin, rol-on kawai nake gani.

Na gaya wa maigida daren da na karanta amsarki. Faɗa ya fara yi don na ɓoye, da safe kuma shi ya ɗauke ni a babur. Likitar mace ce, ta duba hammatar ta tambaye ni da me nake aski. Na ce reza. Ta ce sabuwa? Na yi shiru, don a kan taga nake ajiye ta, har ta fara tsatsa. Kaluluwa ce daga ɗan ƙurjin da ya ruru, ta rubuta min magani na kwana bakwai, yanzu ta sace saura kamar ƙwayar dawa. Ta duba maman duka biyu ba ta ji komai ba, ta koya min yadda zan riƙa lalubawa da tafin yatsu duk wata bayan na gama al'ada. Amma saboda Yaya ta rubuta min takardar sikanin, kuma ta ce in kawo duk 'yan uwana mata.

Malam, na zazzage kwallar. Tara suna da lambar NAFDAC, biyar babu, ɗaya ma rubutun jikinsa da yatsa yake gogewa. Biyar ɗin na ware, ƙanen maigidan zai mayar wa mai shagon ranar Juma'a in zai karɓa. Na tura bayaninku a gurup ɗin garinmu, mutum biyu suka sa hannun godiya, maƙwabciyar tawa kuma ta sake turo tsohuwar muryar a ƙasan nawa. Iya, na sayi alif na naira ɗari, zan gwada.

Saura ƙanwarmu, shekararta 33, tana aure a wani ƙauye ta wajen Ajingi. Ta yarda za ta je, mijin ne ya ce lafiyarta ƙalau, ba za a ɓata kuɗin mota ba, a bari sai bayan girbi. Anti Nas, ku da kuke fama da irinsu kullum, ta wace hanya ake bi wa irin wannan miji? In tura masa maigidana ne, ko in bi ta wajen mahaifiyarsa?